Mushe a ƙauye, ubangida a salula: shin waya na iya gyara sabon malami?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa aika yaronsa sayen kaya karo na farko ya san yadda abin yake. An ba yaro kuɗi, an gaya masa dillalin da zai nema, an gaya masa farashin da ba zai wuce ba, to amma da ya sauka a kasuwar Dawanau ta Kano ko tashar jiragen ruwa ta Kwatano sai ya tarar da abin da ba a gaya masa ba. A da, sai dai ya yi ta kansa, in an ci riba a gode Allah, in an faɗi a yi haƙuri. Yau kuwa salula ce a aljihunsa: ya kira ubangida, ya faɗi abin da ya gani, a ce masa saya ko bari.

Tun shekara ta 2001 da wayar salula ta shigo Nijar ta sauya yadda ake ciniki. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda rezo ya kai, bambancin farashin gero tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: mai saye da mai sayarwa sun daina tafiya a makance.

Tambayar da masu kula da sha'anin ilimi ke yi ita ce: abin da waya ta yi wa buhun gero, tana iya yi wa sabon malamin lakwal? Wato saurayi ko budurwar da aka tura ƙauye mai nisa da alli a hannu, a haɗa shi da wani tsohon hannu da zai riƙa bin sa ta waya, yana ji, yana gyarawa. Maganar ta shafi kowa, domin wannan sabon mushe shi ne za a danƙa wa ɗan mai tuwo-tuwo da ɗiyar mai sayar da atamfa, kuma kuɗin kaye da bik da tufafin lakwal daga cikin ribar kasuwa suke fita.

Yadda ake yin malami a ƙasarmu

Malamin firamare a Nijar yana fitowa ne daga makarantun horon malamai da ake kira ekol normal. Sanannu daga cikinsu su ne Askiya Muhammad ta Damagaram, Bawa Jan Gwarzo ta Maraɗi, Kawusan ta Tawa, Mali Bero ta Doso da Tanimun ta Tilaberi. A can ɗalibi ke koyon darussan da zai koyar da kuma dabarun koyar da su, sannan a tura shi wata makaranta ya yi gwajin aiki, abin da ake kira sitaj, inda zai zauna bayan aji ya ga yadda malami ke yi, daga baya a ba shi allo ya gwada.

Wannan ita ce hanyar a takarda. Amma daga ƙarshen shekarun 1990 yawan yara ya fi ƙarfin makarantun horon. Bayan dokar ilimi ta 1998, da shirin shekaru goma na bunƙasa ilimi da aka soma a 2003, gomnati ta buɗe azuzuwa dubbai a karkara, ta cika su da malaman sa-kai waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi. An samu abin da ake nema ta fannin yawa, yaran da iyayensu ba su taɓa shiga aji ba sun shiga. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan malamai an ba su aji ne da ɗan gajeren horo, wasu ma babu horon sam, har ta kai a shekarun 2010 ƴan kwantaragi ne mafi yawan malaman firamare na ƙasa.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Binciken PASEC, wanda ke auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa cikin yara goma da ke ajin ƙarshe na firamare a Nijar, ko ɗaya bai cika ba da ya kai matsayin da ake buƙata a karatu. A zagayen 2019 an samu ci gaba, adadin ya kai wajen uku cikin goma, to amma har a lokacin bakwai suna baya. A 2017 kuma, zamanin minista Dauda Mamadu Marte, aka yi wa ƴan kwantaragi jarrabawar da ta tayar da ƙura tsakanin gomnati da ƙungiyoyin malamai, inda kimanin kashi ɗaya cikin uku kawai suka samu rabin maki. Mutane da yawa sun zagi malamai a lokacin. Amma mai adalci zai tambaya: wa ya koya masu, kuma wa ya bi sawunsu bayan an tura su daji?

Ranar farko gaban allo

Mai karatu ya ɗauki misalin yarinya ƴar shekara ashirin da ɗoriya da ta tashi a birnin Maraɗi, aka tura ta wani ƙauye a arewacin Dakwaro. Ajinta rumfar kara ce. Yara sun haura sittin, wasu a kan tabarma, wasu a kan rairayi. Littafi ɗaya mutum uku ko huɗu ke leƙawa. Yaran ajin farko ba su taɓa jin kalma ɗaya ta Faransanci ba, wasunsu ma Fulatanci ko Tamajak suke yi a gida. An koya mata yadda ake rubuta takardar shirin darasi, amma ba a koya mata abin da za ta yi ba idan ta yi tambaya aji ya yi tsit, ko idan rabin yara suka ɓace ranar kasuwa, ko idan wani uba ya zo da faɗa don an tsawata wa ɗansa.

A tsari, akwai masu taimaka mata. Akwai diraktan makaranta, sai dai sau da yawa shi ma yana riƙe da nasa aji, wani lokaci ma shekara biyu ko uku kawai ya girme ta a aikin. Akwai mai ba malamai shawara, wato konseye, wanda ya kamata ya zo ya zauna ya ga darasinta, amma makarantun da ke wuyansa suna da yawa, hanya rairayi ce, babur na son mai. Akwai kuma taron ƙara wa juna sani na malaman yanki da ake kira CAPED, wanda ba kullum ake samun kuɗin yin sa ba. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000, ga kuma rashin tsaro da ya rufe ɗaruruwan makarantu a jahar Tilaberi, ya kuma sa tafiya ta zama abin tsoro a wasu sassan kudancin Maraɗi da arewacin Tawa.

To malamar da ta kwana uku tana kuskure ba wanda ya gani, abu biyu ne ke samun ta. Ko dai ta karaya, ta soma neman hanyar komawa birni, ko kuma ta koma ga abin da aka yi mata tana ƙarama: ta faɗa, yara su maimaita da ƙarfi, bulala na gefe. Aji zai yi ta amsawa kamar ana karatu, amma ƙarshen shekara yaro ba ya iya haɗa baƙi da wasali.

Mene ne jagoranci daga nesa?

Abin ba wani asiri ba ne. Ana haɗa sabon malami, ko ɗalibin da ke sitaj, da gogaggen malami guda wanda ba ya zaune a garin. Su tsayar da rana da lokaci, a ce kowace Alhamis bayan la'asar. Kafin ranar, sabon ya ɗauki hoton takardar shirin darasinsa ya aika ta WhatsApp. In wayarsa na iyawa, ya jingina ta a kan tebur ya naɗi muryarsa ko hotonsa na minti goma yana koyarwa. Jagoran ya saurara, sannan ya kira.

Gwanin jagora ba ya zubo gyara ashirin a lokaci guda. Abu ɗaya yake kamawa. Misali ya lura cewa malamin yara huɗu na gaba kawai yake tambaya, sai ya ce masa mako mai zuwa ya sa kowane yaro ya rubuta amsa a ƙaramin allonsa ya ɗaga sama, domin ya ga aji duka da ido ɗaya. Ko ya lura malamin na yin tambaya ya amsa wa kansa, sai ya ce ya riƙa ƙirga biyar a zuci kafin ya buɗe baki. Mako na zagayowa a duba ko an yi, da abin da ya biyo baya. Haka mai koya wa yarinya awo take yi: yau yadda ake cika tiya, gobe yadda ake ƙirga canji, ba duka rana ɗaya ba.

Akwai kuma zauren WhatsApp na sabbin malamai goma ko goma sha biyar da jagora guda, inda wanda ya rasa yadda zai koyar da rabawa zai tambaya da dare, kafin safe wani ya turo masa yadda ya yi da tsakuwa ko ƙwallon dabino. Inda babu intanet, kira na baki da saƙon rubutu suna isa. A ƙasashen da suka fi mu kayan aiki har ana sa wa ɗalibi ƴar na'ura a kunne, malaminsa na kallo ta kyamara daga jami'a yana raɗa masa gyara a tsakiyar darasi. Annobar korona ce ta yaɗa irin waɗannan hanyoyi a duniya, lokacin da aka rufe makarantu a 2020, mu ma nan aka rufe daga watan Maris zuwa farkon Yuni, masu horar da malamai suka rasa hanyar zuwa ganin ɗalibansu.

Abin da aka riga aka gwada

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci da ƙungiyar jami'o'insu sun kafa wani shiri mai suna IFADEM bayan taron shugabanni na Bukares a 2006, domin horar da malamai suna kan aikinsu ba tare da sun bar aji ba. An soma da Benin, Burundi, Haiti da Madagaska. A Madagaska, a 2012, aka raba wa malamai wayoyi ɗauke da muryoyin darussa, suna kuma iya kiran jagororinsu. Da shirin ya iso Nijar wajajen 2014, an fara da malamai kimanin 500 a jahohin Maraɗi da Tilaberi: a ba malami littattafan da zai karanta da kansa, a haɗa shi da jagora, a kuma riƙa tara su lokaci-lokaci ido da ido. Nijar ta sanar da ficewarta daga waccan ƙungiya a watan Maris na 2025, amma malaman da aka horar da jagororin da suka koyi aikin suna nan cikinmu.

Gwaji na biyu ya fi kusa da ƴan kasuwa, domin a azuzuwan yaƙi da jahilci na manya aka yi shi. Jenny Aker ɗin nan da abokin aikinta Christopher Ksoll, tare da ƙungiyar agaji ta CRS, sun bi ƙauyuka fiye da ɗari a jahohin Maraɗi da Damagaram daga 2014. A wasu ƙauyukan an riƙa buga waya kowane mako ga malami, da maigari, da ɗalibai biyu, ana tambaya ko an yi karatu, mutum nawa suka zo. A sauran ƙauyukan ba a kira kowa ba. Ba a ƙara wa malaman da ake kira ko dala ba. Duk da haka, da aka yi jarrabawa, ɗaliban ƙauyukan da ake kira sun fi sauran a karatu da lissafi. Kiran nan ko gyaran darasi babu a cikinsa. Abin da ya yi shi ne ya nuna wa malami cewa wani ya san da shi, kuma aikinsa na da mai tambaya.

Na uku daga Kenya ne, a sansanin ƴan gudun hijira na Kakuma, inda aji ɗaya kan haura yara ɗari, malamai kuma mafi yawansu ƴan gudun hijira ne da ba su yi makarantar horo ba. A 2016 da 2017 kwalejin horon malamai ta jami'ar Kolumbiya da ke Amurka ta horar da malamai kimanin 130, ta haɗa su rukuni-rukuni a WhatsApp da gogaggun malamai na ƙasashe dabam-dabam. Malaman sun riƙa turo hotunan azuzuwansu da matsalolinsu, da yawansu kuma sun ba da labarin cewa sun gwada shawarwarin da aka ba su a aji sun ga amfani, kuma sun daina jin an yar da su.

Ƙarfin zuciya dabam, gwaninta dabam

Idan aka tattara waɗannan, abu na farko da waya ke kawowa shi ne ƙarfin zuciya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Stanford, Albert Bandura, ya bayyana tun 1977 cewa yardar mutum da cewa zai iya wani aiki daga wurare huɗu take zuwa. Na ɗaya kuma mafi ƙarfi, ya taɓa yi da hannunsa ya ga ya yi nasara. Na biyu, ya ga wani irinsa ya yi. Na uku, wanda yake girmamawa ya ce masa zai iya. Na huɗu, halin da jikinsa ke ciki, ko gaba na faɗuwa ko hankali a kwance. Kowace mace da ta fara kasa kaya a bakin hanya ta san waɗannan huɗun ko ba ta san sunan bature ba.

Jagoran waya na iya ba da na biyu, na uku da na huɗu cikin sauƙi. Yana turo hoton wata malama a rumfa irin taka tana sarrafa yara saba'in, yana ƙarfafa ka, yana kwantar maka da hankali daren da za a zo duba ka. Akwai ma wani alheri da nisa ke da shi: sabon malami na jin kunyar ya gaya wa diraktansa ko sufeto cewa shi kansa bai gane darasin da zai koyar gobe ba, domin su ne masu ba shi maki. Wanda ke nesa, da ba ya riƙe da albashinsa, ya fi sauƙin gaya wa gaskiya.

Amma na ɗayan, wato nasarar hannu, a cikin aji ake samun ta, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Mutum na iya jin ya shirya alhali bai shirya ba. Yaron shago da ke cika baki bai fi wanda ke rawar jiki iya lissafi ba, wani lokaci ma shi ya fi saurin karya jari. Yawancin rahotannin da ke yabon jagorancin nesa tambayar malamai aka yi yadda suke ji, ba auna yaran aka yi ba.

Inda aka auna yaran da kyau shi ne Afirka ta Kudu. Daga 2017 zuwa 2019, a lardin Mpumalanga, ma'aikatar ilimin ƙasar da masu bincike sun raba makarantu: wasu malamai jagora na zuwa ajinsu da ƙafarsa, wasu kuma an ba su ƙaramar kwamfutar hannu, jagora na bin su ta waya da saƙonni. A ƙarshen shekarar farko hanyoyin biyu sun yi kusan kunnen doki, har aka fara murna an samu hanya mai araha. Bayan shekara uku sai labari ya sha bamban: yaran malaman da ake ziyarta sun ci gaba a fili, na masu jagoran waya kuwa ribarsu kaɗan ce, a fannin karatu ma kusan babu. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, jagoran nesa ba ya ganin abin da ke faruwa a aji sai abin da malami ya ga damar nuna masa, kuma amana ba ta ƙulluwa sosai tsakanin mutanen da ba sa haɗuwa. Dabarun masu sauƙi sun shiga ta waya, masu wuyar kuwa sai da ido.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ubangidan da ke bin yaronsa ta waya ma, ranar da kaya suka iso sai ya kwance buhu ya zura hannu. Darasin ke nan: waya ta cike tsakanin ziyara da ziyara, kada ta zama dalilin daina ziyarar. Idan konseye na zuwa sau biyu a shekara, kira na kowane mako zai sa zuwan nan biyu su yi albarka, domin ya riga ya san inda ciwon yake. Idan kuwa aka ce tunda ga salula a ajiye babur, to an yi tsimin da zai ci jari.

Sharuɗɗan da abin ke bukata

Na farko, jagora ya zama mutum ɗaya tsayayye wanda ya san irin ajin. Wanda bai taɓa koyarwa a rumfa lokacin hunturu ba, iska na kwashe ƙura tana zubawa a kan allo, shawararsa ba za ta zauna ba. Ƙasar nan cike take da tsofaffin malamai da diraktoci masu ritaya a Damagaram, Tasawa, Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi, waɗanda suka yi shekara talatin da alli, yanzu suna zaune a ƙofar gida. Su ma sai an koya masu yadda ake gyara ba tare da kunyatarwa ba, a kuma biya su ladan lokacinsu.

Na biyu, a raba jagora da mai hukunci. Ranar da malami ya gane cewa muryar da ya naɗa za ta iya komawa teburin sufeto ta zama sanadin soke kwantaraginsa, daga ranar zai riƙa turo darasin da ya yi wa kwalliya kawai.

Na uku, harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Sabon malami na bukatar wanda zai nuna masa yadda ake bi da yaro daga harshen uwarsa zuwa wani, kuma saƙon murya da Hausa ko Zabarmanci ya fi masa amfani da doguwar takarda da Faransanci.

Na huɗu, kuɗi da wuta. Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms ba su kai ko'ina ba, akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun rezo. Hoto mai motsi na cin kiredi, caji kuma sai ranar kasuwa ko wurin mai faifan hasken rana. Ɗan kwantaragin da albashinsa ke makara ba za a ce ya ciro daga kuɗin cefane ya sayi intanet ba. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 140 ta Amurka don shirin LIRE na gyaran koyarwa a Nijar, wanda horar da malamai da bin sawunsu ke cikin manufofinsa. Amma kowa ya san halin shiri mai kuɗin waje: yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Abin da zai dawwama shi ne wanda aka sa a kasafin ƙasa da na kananan hukumomi.

Na biyar, mutunci. Mata suna da yawa a cikin sabbin malamai. Namiji baƙo da ke kiran matar aure ko budurwa da dare zai jawo magana a gida da gari. A tsayar da lokacin kira da rana, a sanar da miji ko iyaye, inda hali ya yi a haɗa mace da mace. Hotunan yara kuma kada su fita daga hannun jagora, kuma sai da sanin iyayensu za a ɗauka.

Rabon iyaye a ciki

Wani zai ce wannan aikin ma'aikatar ilimi ne, me ya haɗa shi da mai rumfa a babbar kasuwar Maraɗi ko mai sayar da yaji a kasuwar Dole? Abin da ya haɗa su shi ne su ke biyan hasarar. Yaron da ya yi shekara shida a lakwal ya fito ba ya iya rubuta bashi a littafi, ba ya iya karanta saƙon kuɗi a salula, an yi asarar shekarunsa da kuɗin uwarsa.

Kuma iyaye na da ƙofar shiga. Kowace makarantar gomnati na da kwamitin gudanarwa da jama'a ke zaɓa, wanda aka fi sani da COGES, tsarin da aka soma ƙarfafa shi a jahar Tawa a 2004 da taimakon ƙasar Japan kafin ya game ƙasa. Akwai ƙungiyar iyayen yara, akwai ta iyaye mata masu tarbiyya. Waɗannan su ne ke kafa rumfuna kowace shekara bayan girbi. Wanda ya iya tara kara da itace don aji, yana iya sa ɗan faifan caji da kiredin wata a cikin lissafin shekara. Matan da suka riƙe asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jahar Maraɗi a 1991 har ya zama abin koyi a ƙasashe da dama, ba sa bukatar a koya masu yadda ƙaramin zubi ke zama babban abu.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko tamma. A taron iyaye na farkon shekara, a tambayi dirakta: sabon mushen da aka kawo mana, wa ke bin sa? Sau nawa ake kiran sa? Yaushe konseye ya zo na ƙarshe? Gwajin Maraɗi da Damagaram ya nuna cewa tambaya kaɗai, in ana yin ta a kai a kai, tana motsa aiki. Sannan a duba a gida: a ba yaro takardar da aka ƙunso magani ko kwalin shayi ya karanta, a ba shi canjin jika ya ƙirga. Nan ne za a san ko ƙarfin zuciyar malami ya zama ilimi a kan yaro.

A ƙarshe, baƙon malami ɗan wani ne ko ɗiyar wani da aka raba da gida. A ba shi masauki na kirki, a aika masa da ƙwaryar fura, in ya yi kuskure a same shi a keɓe maimakon a tsinka shi gaban yara. Jagoran da ke cikin waya zai gyara masa darasi, amma ko zai zauna a garin har ya gwanance, wannan a hannun mutanen garin yake. Allah ya ba mu malamai na gari, ya kuma ba mu ikon riƙe su.